Sarƙar taimin a injin HEMI 5.7: a canja ta, a kashe MDS, ko a nemi wata motar?

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da Dodge Challenger ko Charger mai injin HEMI lokacin da aka tashe ta da sanyin safiya ya san abin da ke jan hankalin mutane gare ta. Gurnani ne mai ratsa ƙirji, ga faɗin gaba, ga ƙarfin doki kusan 370 a ƙarƙashin bonet. Amma 'yan samfurin 2009 zuwa 2012 masu giyar atomatik suna ɗauke da wani miki da ba a gani daga waje, wato sarƙar taimin ɗinsu tana iya tsinkewa ana tsakiyar gudu a babban titi. Idan hakan ta faru, sau da yawa injin ne gaba ɗaya ake kuka a kansa.

Waɗannan motoci yanzu sun haura shekara 12, sun yi araha a kasuwannin gwanjo na Amurka, kuma wasunsu sun biyo jirgin ruwa sun sauka Kwatano ko Legas, daga nan suka hau titunan Abuja, Kaduna, Kano da Yamai. Mai irin wannan mota, ko wanda ke shirin sayenta, yana jin shawara iri-iri. Wani ya ce a kashe MDS, wato tsarin rage shan fetur da ke jawo matsalar, da kwamfuta, shi ke nan. Wani ya ce a buɗe gaban injin a canja sarƙa. Wani ya ce a cire komai a mayar da injin irin na motar manuwal, wadda ba ta da MDS. Dukkansu suna da hujja, amma ba kuɗi ɗaya suke ci ba, kuma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Abin da ke faruwa a cikin injin

HEMI mai lita 5.7 injin V8 ne mai kamshaf guda ɗaya a tsakiyar bulok. Sarƙa guda ce ke haɗa karanshaf da kamshaf, ita ke tabbatar da cewa bawul suna buɗewa suna rufewa daidai lokacin da fistan ke hawa da sauka. A gefe ɗaya na sarƙar akwai tenshina mai ɗaure ta, a ɗaya gefen akwai madogari, wanda makanikai ke ce wa gaid, da take zamewa a kansa. Tun daga 2009 aka ƙara wa injin tsarin da ke gusa lokacin buɗewar bawul yayin da ake tafiya, shi ya sa haƙoran da ke kan kamshaf suka zama na daban da na da.

MDS kuwa dabara ce ta rage shan fetur wadda Chrysler, kamfanin da ya mallaki Dodge a lokacin, ya fara sa wa motoci irin su 300C da Dodge Magnum na 2005. Idan kana tafiya a miƙe, ƙafarka ba ta danne totur ba, ƙwaƙwalwar motar takan buɗe wasu solenoid guda huɗu, wato ƙananan ƙofofin mai na lantarki, baƙin mai ya shiga liftoci na musamman, su daina tura bawul na silinda ta 1, 4, 6 da 7. Fetur da wutar fulogi su ma a yanke musu. Nan take V8 ya koma aiki da silinda huɗu, da ka taɓa totur kuma sauran su dawo. Kamfanin ya ce dabarar na iya rage shan mai har kashi 20 cikin 100.

Matsalar ita ce, injin da ke bugawa sau huɗu a maimakon sau takwas ba ya juyawa da santsi ɗaya. Akwai fizga da saki, fizga da saki, kuma sarƙa ce ke shan wannan fizgar. A wani takamaiman saurin juyawar injin sai ta riƙa kaɗawa tana dukan gaid, wanda na roba ne a waɗancan shekarun. Yau duka, gobe duka, sai robar ta tsage. Da gaid ya karye sarƙa ta yi sako-sako, ta tsallake haƙori ko ta tsinke. Wannan injin kuwa bai bar tazara tsakanin fistan da bawul ba idan lokaci ya kuskure, don haka fistan kan hau ya iske bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Yawancin labaran da masu motocin suka bayar iri ɗaya ne: ana tafiya lafiya a babban titi, gudun mil 70 a awa ko kusa da haka, wato kilomita 110 da ɗoriya, sai injin ya mutu ba sallama.

A watan Fabrairun 2014 Chrysler ya fitar da sanarwa mai lamba P01, ya ce zai canja sarƙa, tenshina da gaid kyauta a motoci kusan 50,800. Sun haɗa da Challenger, Charger da Chrysler 300 na 2009 zuwa 2012 masu injin 5.7 da giyar atomatik mai hawa biyar, waɗanda ma'aunin haƙoran aksul ɗinsu na baya yake 3.06, 3.73 ko 3.92. Kamfanin da bakinsa ya ce bincikensa ya gano tsarin kashe silinda na iya yin mummunan tasiri a kan sarƙar. Maganar aksul ɗin nan ba ƙaramin haske take bayarwa ba, domin shi ne ke yanke yawan juyawar injin a gudun babban titi. Challenger R/T atomatik da 3.06 ta zo, shi ya sa ta fi kowa shan wahala, su kuwa Charger da 300 masu 2.65 ba a sa su cikin jerin ba. Sabon gaid da aka riƙa sawa yana da ƙashin baya na alminiyom.

Kafin ka kashe ko sisi, ka nemo abu biyu. Na farko takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna wata da shekarar da aka ƙera motar. Waɗanda abin ya shafa an ƙera su ne daga Agustan 2008 zuwa Yulin 2012. Na biyu lambar shasi mai harafi da lamba 17. Sa ta a shafin Mopar, sashen kayan gyara na kamfanin, na duba gyare-gyaren da ake bin mota, ka kuma nemi rahoton tarihin motar na Carfax, domin idan dila ya yi aikin P01 sau da yawa yakan fito a ciki. Wannan amsar ita ce ke raba hanya. Motar da aka yi wa aikin da wadda ba a yi wa ba, shawararsu ba ɗaya ba ce.

Ma'aunan da zan bi

Abu biyar na ɗora kowane zaɓi a kai. Kuɗi, na kaya da na aikin hannu. Ƙarko, wato ko gyaran zai riƙe har ƙarshen rayuwar injin. Sauƙi, wanda a wurinmu yake nufin ko akwai makaniken da zai iya da kuma ko kayan za su samu. Haɗari, na lalacewar injin da na rai, domin injin da ya mutu a gudun kilomita 110 yana tafiya da taushin birki, a wasu motocin sitiyari ma ya yi nauyi. Sai shan fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya daina zama ƙaramar magana ga mai V8.

Ban ba su nauyi ɗaya ba. Haɗari ne a sama, ƙarko na bi masa. Wanda ya sayi mota mai fulogi 16 da ke shan baƙin mai kusan lita 6.6 a kowane juye ya riga ya amince da kashe kuɗi, abin da ya rage shi ne ya kashe su a inda ya dace.

Zaɓi na ɗaya: a bar ta yadda take, a riƙa lallaɓawa

Wannan ba ya cin komai yau. Akwai ma wata dabara da masu motocin suka sani: idan ka tura giya gefe ta shiga yanayin canjawa da hannu, wanda kamfanin ke kira AutoStick, MDS ba ya shiga. Mutum na iya yin tafiyar Abuja zuwa Kano gaba ɗaya a giya ta biyar ta hannu, silinda takwas suna aiki.

Sai dai dabara ce da ta rataya a kan tunawa. Rana ɗaya za ka manta, ko ƙaninka ya ari motar, ko direba ya kai ta wanki ya biyo ta babban titi. Kuma ba ka san dukan da gaid ya riga ya sha a hannun masu motar na baya ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali game da wannan ciwo shi ne ba ya yawan ba da sanarwa. Wani lokaci akan ji kwaramniya daga gaban injin, ko fitilar injin ta kama da lambar P0016 mai nuna karanshaf da kamshaf sun saɓa, amma da yawa ba su ji komai ba sai da aikin gama ya gama. Idan motarka na cikin jerin kuma ba a yi mata P01 ba, wannan zaɓin jira ne kawai. Idan an yi mata, ko ba ta cikin jerin, to barinta haka daidai ne, ba sakaci ba ne.

Zaɓi na biyu: a canja sarƙa, tenshina da gaid da sabon samfuri

Wannan shi ne maganin da kamfanin da kansa ya zaɓa, kuma shi ne kaɗai ke taɓa ainihin abin da ke karyewa. Kayan ba su da tsadar da mutane ke zato, 'yan ɗaruruwan daloli ne idan an haɗa da gaskit da sil. Aikin hannu ne mai yawa. Sai an zubar da ruwan lagireto, an cire bel da abin da ke rataye a gaban injin, an zare fulin karanshaf da abin zarewa na musamman, an cire murfin taimin, sannan an cire famfon baƙin mai, domin a bakin karanshaf yake zaune, ya tare sarƙar. Aikin yini guda ne cur ga wanda ya saba, ga wanda bai saba ba kuwa ya fi haka.

Tunda an riga an buɗe, hankali shi ne a duba famfon ruwa da famfon baƙin mai, a canja sil ɗin gaba. Idan aka tarar gaid ya fara ɓarewa, to dole a sauke botom-filet a wanke, domin gutsattsarin robar can suke faɗawa su toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Wanda ya canja sarƙa ya bar waɗannan gutsattsari ya yi gyaran gangar auzinawa, ya tsere wa tsinkewar sarƙa ya faɗa wa ƙarancin mai.

A Amurka dilan kamfanin ne zai yi. A nan kuwa sai ka tsaya da ƙafarka. Abu uku nake roƙon mai mota ya kula da su. Kada ya yarda da kayan Beljiyam a wannan aikin, ko da mai shago a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ya rantse daga injin mai lafiya aka ciro su, domin tsohon gaid na roba shi ne ciwon da ake gudu. Ya yi odar sabo na Mopar ko na wani kamfani sananne, ya riƙe gaid ɗin a hannunsa ya ga alminiyom ɗin da idonsa. Na biyu, ya tabbatar kayan na injin 2009 zuwa sama ne, domin na 2008 zuwa ƙasa ba sa shiga. Na uku, makaniken ya kasance mai bin alamomin taimin da ke jikin sarƙa da haƙora, mai ɗaure noti da sifana mai awo, wanda zai juya injin da hannu zagaye biyu kafin ya sa makulli. Haƙori ɗaya aka kuskure, bawul ɗin da ake son ceto su ne za su tafi. Ba laifi ba ne ka tambayi oga a gareji ko ya taɓa buɗe HEMI, kuma makaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Amfaninsa babba shi ne MDS yana nan da ransa, motar na ci gaba da sauƙaƙa maka fetur a doguwar tafiya, kuma ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Raunin da ke gare shi ɗaya ne: bai shafi liftoci ba, waɗanda su ma suna da nasu labarin.

Zaɓi na uku: a kashe MDS da na'ura

Akwai ƙananan na'urori na hannu, irin na DiabloSport, da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari a sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwar motar. Cikin 'yan mintoci MDS ya daina shiga. Kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, ba a kwance ko noti ɗaya, kuma ana iya mayar da motar yadda take a da. Motocin 2009 zuwa 2012 suna karɓar wannan cikin sauƙi, tunda sai daga 2015 kamfanin ya kulle ƙwaƙwalwar. Wanda ya sa wa motarsa salansa mai ƙara zai ji daɗi na daban, domin wannan gunjin mara daɗi da ake ji idan injin ya koma silinda huɗu zai ɓace.

Na fahimci abin da ya sa wannan zaɓi ya fi farin jini. Hujjarsa ma mai ƙarfi ce: Challenger mai giyar manuwal, wadda ba ta da MDS, ba a sa ta cikin P01 ba. Cire fizgar, ka cire dalilin. Amma motar manuwal tun daga masana'anta gaid ɗinta bai taɓa shan wannan dukan ba, taka kuwa ta sha na shekara goma ko fiye. Roba ce da ta daɗe cikin zafi da baƙin mai, wataƙila da tsaga a jikinta wadda ba wanda ya gani. Na'ura na hana sabon duka, ba ta ɗinke tsagar da ta riga ta samu. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ga kuma fetur. A cikin gari ba za ka ga bambanci sosai ba, tunda MDS ba ya samun damar shiga a cunkoso. A doguwar hanya za ka gani a aljihunka. Wanda ke zaune a Amurka kuma ya binciki dokar jiharsa tukuna, domin wasu jihohin, Kalifoniya a gaba, suna duba ko an taɓa manhajar injin lokacin gwajin hayaƙi. Sannan a yi aikin da batir mai ƙarfi, domin wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar na iya sumewa.

A ganina wannan ƙari ne mai kyau bayan an canja sarƙa, ko kuma matakin wucin gadi na makonnin da ake jiran kaya su iso.

Zaɓi na huɗu: a cire MDS ɗungurungum

Nan ana maganar babban aiki. A cire liftoci 16 a sa waɗanda ba na MDS ba, a canja kamshaf, a toshe ramukan solenoid, sannan a sake rubuta ƙwaƙwalwar. A wannan injin ba a kai wa ga liftoci sai an sauke tof-silinda biyun, don haka akwai sabon gaskit da sababbin notin kai. Kamshaf kuma ta gaba yake fita, ke nan sarƙa, tenshina da gaid dole su sauka, sai a sa sababbi a hanya ɗaya. Kuɗinsa ya ninka na zaɓi na biyu sau da yawa, ana maganar dubban daloli idan aka haɗa kaya da aiki.

Me zai sa mutum ya shiga wannan? Saboda HEMI yana da ciwo na biyu da ya fi na sarƙa yaɗuwa, wato ƙas-ƙas ɗin da ake ji daga saman injin. Ƙaramar tayar da ke ƙasan lifta takan ci, ta daina juyawa, ta riƙa goge kamshaf har ta cinye ƙusumbinsa, silinda ta fara tsallake wuta. An fi ganinsa a motocin da suka daɗe suna aiki a tsaye, irin tsofaffin Charger na 'yan sandan Amurka da ake gwanjonsu da araha. A yi hattara kafin a yanke hukunci, domin notin manifol na salansa idan ya karye shi ma irin wannan ƙarar yake yi, sai dai tasa takan lafa idan injin ya ɗumama. Kuma a faɗi gaskiya, wannan ciwo yana kama liftocin da ba na MDS ba ma, don haka cire tsarin ba laya ba ce.

Idan kamshaf ya riga ya ci, ko sarƙa ta riga ta tsinke za a sauke kai a canja bawul, to kuɗin buɗewa an riga an biya shi, ƙarin bai da yawa. A injin mai lafiya wanda ba ya wata ƙara kuwa, ban ga dalilin farke shi ba. Kowane gaskit da aka buɗe wata ƙofa ce ta kuskure, musamman inda masu wannan aikin ba su da yawa.

Zaɓi na biyar: ga wanda bai saya ba tukuna

Shi wannan ya fi kowa sa'a. Challenger R/T mai manuwal mai hawa shida ba ta da MDS. SRT8 na 2008 zuwa 2010 mai injin 6.1 da doki 425 ba ta da shi, haka Hellcat mai doki 707 da ta fito a 2015. Charger da 300 na waɗannan shekarun ba su zo da manuwal ba, don haka mai son ƙofa huɗu ya nemi ta 2013 zuwa sama, ko ma ta 2015 zuwa sama mai giya takwas. An daina ƙera Challenger da wannan Charger ɗin a masana'antar Brampton ta Kanada a Disambar 2023, amma an yi su da yawa, kayan gyaransu ba za su yanke nan kusa ba.

A wajen Dodge, Chevrolet Camaro SS ta 2010 zuwa 2015 mai atomatik tana da injin L99 mai doki 400 da nata tsarin kashe silinda da ake kira AFM, kuma abin da aka fi kuka da shi a injinan GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, masu wannan tsari liftoci ne, ba sarƙa ba. Mai manuwal tana da LS3 mai doki 426, babu AFM. Ford Mustang GT mai injin 5.0 daga 2011 ba ta kashe silinda, amma kamshaf huɗu gare ta da sarƙoƙi huɗu, ranar da aikin taimin ya taso ya fi na HEMI wahala. Wanda siffar motar ce ta burge shi ba gudu ba, akwai V6 Pentastar mai lita 3.6, wanda babu ruwansa da wannan magana baki ɗaya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗarin da ya rage | Fetur |
|---|---|---|---|---|---|
| Barinta haka | Babu | Babu tabbas idan ba a yi P01 ba | Mai sauƙi | Babba | Yadda yake |
| Canja sarƙa da gaid | Matsakaici | Mai kyau | Sai ƙwararre | Kaɗan | Yadda yake |
| Kashe MDS da na'ura | Kaɗan zuwa matsakaici | Ya dogara da tsohon gaid | Mai sauƙi sosai | Matsakaici | Ya ƙaru a doguwar hanya |
| Cire MDS duka | Mai yawa | Mai kyau idan aiki ya yi kyau | Mai wuya | Kaɗan, sai kuskuren aiki | Ya ƙaru a doguwar hanya |
| Sayen wata motar | Ya danganta | Mai kyau ta fuskar sarƙa | Sai bincike | Kaɗan | Ya danganta |

Wa ya dace da wanne

Idan kana da ta 2009 zuwa 2012 atomatik mai aksul 3.06 ko sama, kuma ba ka da shaidar an yi mata P01, canja sarƙa, tenshina da gaid. Ban ga wata hanya ta biyu da zan ba ɗan'uwana ba. Kafin kaya su iso, riƙa tafiya a AutoStick, ka kuma rage dogayen tafiye-tafiye. Idan mai sayarwa ya ce maka an yi aikin amma babu takarda kuma lambar shasi ba ta nuna ba, ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin gyaran daga farashi tun wurin ciniki.

Idan an yi mata P01, ko ta 2013 ce zuwa sama, kuma kana yawan zirga-zirga tsakanin garuruwa, bar MDS ya yi aikinsa. Kuɗin na'urar ka sa shi a baƙin mai mai kyau. Wanda motarsa ta fita yawo ce ranar hutu, ya sa mata salansa, kuma gunjin silinda huɗu na damunsa, na'ura ta ishe shi, muddin gaid ɗin sabo ne.

Wanda injinsa ke ƙas-ƙas har an tabbatar kamshaf ya ci, ko wanda sarƙarsa ta riga ta tsinke, shi ne mai zaɓi na huɗu. Amma ya fara sa makanike ya duba kan fistan da bangon silinda. Idan ɓarnar ta kai can, ya kwatanta kuɗin gyara da na injin Beljiyam, kuma idan injin ya saya, ya canja masa gaid tun yana ƙasa kafin a ɗora shi, lokacin aikin bai kai rabin wahala ba.

Wanda ke zaune a garin da babu makaniken da ya san injinan Amurka, kuma zuciyarsa ta nace sai V8, ya nemi Challenger manuwal ko wadda aka ƙera bayan Yulin 2012.

Duk wanda ya bar MDS a raye kuma, ya tsaya a kan baƙin mai 5W-20 da littafin motar ya ce. Liftoci da solenoid da matsin mai suke aiki, kuma 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota a garejinmu ya yi musu kauri, har motar kan kunna fitila da lambar P1521, ma'ana man da aka zuba ba nata ba ne. Ranar juye ka sayo galan ɗinka da kanka, a fasa shi a gabanka, ka tsaya har a gama zubawa.